Jirgin ƙasan Haramaini: Wa ke shiga, wa aka bari a mota?

A tsakiyar watan Nuwamban 2025, wata motar bas ɗauke da masu aikin Umara 'yan ƙasar Indiya ta yi karo da tankar man dizal a kusa da Madina, bayan ta taso daga Makka cikin dare. Mutum 45 ne suka rasu, yawancinsu 'yan birnin Hyderabad.

Shekara shida kafin nan, a watan Oktoban 2019, wata bas ɗin ta ci karo da babbar motar aikin gini a kan hanyar da ta haɗa biranen biyu, ta kama da wuta. Mutum 35 suka riga mu gidan gaskiya.

Abin da ke ƙara wa irin wannan labari ciwo shi ne, tsakanin Makka da Madina akwai jirgin ƙasa mai aiki da lantarki, wanda ke cinye tafiyar cikin kusan sa'a biyu da minti 20. A mota kuwa tafiyar sa'a biyar ce zuwa shida, kuma ayarin alhazai da ke tsayawa a miƙati da wuraren bincike ya kan wuce haka nesa ba kusa ba.

Duk wanda ya ga bidiyon jirgin a Facebook ko TikTok, abin da ya fi ɗaukar masa ido shi ne taragun alfarma: manyan kujeru, faffadan wurin miƙe ƙafa, ma'aikata na zagayawa da gahawa da dabino. Daga nan sai muhawara ta ɓarke a ƙasan bidiyon, ana tambayar ko ya dace a ware masu kuɗi da talakawa a hanyar da kowa ke sanye da farin ƙyalle iri ɗaya.

Tambayar tana da ma'ana. Sai dai tazarar da ke tsakanin taragu biyu na jirgi ɗaya ƙarama ce, in aka gwada ta da tazarar da ke tsakanin wanda ya shiga jirgin da wanda aka loda a bas. Mafi yawan maniyyatan Najeriya da ke tafiya ta hannun hukumomin alhazai na jihohi suna cikin rukuni na biyun ne.

Wane irin jirgi ne?

Sarki Salman ne ya ƙaddamar da jirgin Haramaini a ranar 25 ga Satumban 2018, aka fara ɗaukar fasinja a ranar 11 ga Oktoban shekarar. Tsawon layin ya kai kimanin kilomita 450, wato kusan kamar daga Kano zuwa Abuja, kuma jirgin na iya gudun kilomita 300 a sa'a guda.

Tashoshi biyar gare shi: Makka, da cikin birnin Jidda, da filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz, da birnin kasuwanci na Sarki Abdullah da ke kusa da Rabig, sai Madina. Kada a rikita shi da jirgin Masha'ir da ke zirga-zirga tsakanin Mina da Arfa da Muzdalifa. Wancan ya fara aiki tun 2010, tsawonsa kimanin kilomita 18 ne, kuma kwanakin aikin Hajji kaɗai yake aiki. Haramaini kuwa shekara duka yake yi.

Tunanin shimfiɗa dogo zuwa ƙasa mai tsarki ba sabo ba ne. Daular Usmaniyya ta kawo layin Hijaz daga Dimashƙa har Madina a 1908, amma bai taɓa isa Makka ba, kuma Yaƙin Duniya na Ɗaya ya daidaita shi. Sai da aka yi shekara 110 kafin jirgin fasinja ya haɗa biranen biyu.

Shi ma wannan sabon aikin sai da wankin hula ya so ya kai dare. An fara haƙa da gina gadoji a 2009. A 2011 aka ba wa wata gamayyar kamfanonin Sifaniya da na Saudiyya kwangilar shimfiɗa dogo da jan wayoyin lantarki da samar da jiragen da kuma tafiyar da su, kan kuɗi kimanin Yuro biliyan 6.7. An yi ta ɗage ranar buɗewa. Jimillar abin da aikin ya ci, kamar yadda aka fi ambata, ya kai kusan Riyal biliyan 60. Kwangilar ta ma bar baya da ƙura a Sifaniya, inda masu gabatar da ƙara suka binciki zargin cewa tsohon sarkin ƙasar, Juan Carlos, ya samu wani kaso, kafin su rufe binciken a 2022 ba tare da gurfanar da shi ba.

Kamfanin Talgo ne ya ƙera jiragen guda 35. Irinsu ne ke aiki a Sifaniya, inda ake musu laƙabi da agwagwa saboda dogon bakinsu, amma sai da aka sake musu shiri saboda hamada. Manyan abokan gaba biyu ne, zafi da rairayi. Rairayi na cinye ƙafafun jirgi da ƙarfen dogo kamar yadda dutsen wasa wuƙa ke cin ƙarfe, yana toshe na'urori, iska kuma na iya tara shi a kan layi cikin dare ɗaya. Don haka aka ƙara matatun iska, aka ƙarfafa na'urorin sanyaya taragu, a wasu wuraren kuma aka ɗora dogon a kan dandamalin kankare maimakon tsakuwa, don a samu sauƙin sharewa.

Jirgin ba ya ɗauke da tankin mai. Daga wayar da ke samansa yake jan wuta mai ƙarfin bolt 25,000, shi ya sa yake da sauƙin nauyi da saurin tashi. Amfanin ke nan, kuma sharaɗin ke nan: in wuta ta ɗauke, tafiya ta tsaya.

Ya kuma sha nasa tsaikon. Gobara ta tashi a tashar Jidda a ranar 29 ga Satumban 2019, aka dakatar da zirga-zirga har zuwa Disamba. Bai daɗe da dawowa ba annobar korona ta sake tsayar da shi a Maris ɗin 2020, sai ƙarshen Maris ɗin 2021 ya koma aiki.

Lissafin kujerun alfarma

Kowane jirgi yana da kujera 417. Daga ciki 113 na ajin alfarma ne, wanda kamfanin ke kira ajin 'yan kasuwa, sauran 304 kuma na gama-gari. Wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kujerun an ware su ne ga mai son ƙarin jin daɗi: kujera uku a jere maimakon huɗu, abinci har inda kake zaune, da ɗakin jira na musamman a tasha.

Lokacin da aka buɗe layin, an sa kuɗin tikiti daga Makka zuwa Madina Riyal 150 a gama-gari, Riyal 250 a ajin alfarma. Farashin ya motsa tun daga lokacin, kuma yakan hau ya sauka gwargwadon rana da cunkoso, amma waɗannan alƙaluma sun isa a yi lissafi.

A ce jirgi ya cika maƙil. Kujerun gama-gari za su kawo Riyal 45,600, na alfarma kuma Riyal 28,250. Ma'ana, kashi 27 cikin 100 na kujerun ne ke kawo kusan kashi 38 cikin 100 na kuɗin shiga.

Nan ne waɗanda ke kiran a soke ajin alfarma ya kamata su dakata. Jirgi mai gudun kilomita 300 a cikin hamada abu ne mai cin kuɗi kullum: gyaran dogo, sharar rairayi, wuta, albashi. In aka cire fasinjan da ke biyan Riyal 250, to ko dai a ɗora giɓin a kan mai biyan 150, ko gwamnati ta ƙara tallafi. Attajirin Jidda da ke zuwa sallar Juma'a a Madina ya dawo a ranar, shi ne ke rage wa talaka nauyi, ko bai sani ba. Kuma duka su biyun minti ɗaya suke tashi, minti ɗaya suke sauka. Ba a sayar wa kowa ƙarin gudu ko ƙarin tsaro.

Amma akwai wani gefen. Lissafin da ya dace da ranar Talatar watan Safar ba lallai ya dace da makon farko na Zulhijja ba. A lokacin da dubban ɗaruruwan mutane ke neman barin Madina cikin 'yan kwanaki, kowane tarago mai kujera uku a jere ya rage wa layin mutanen da zai iya kwasa. An gina jiragen ne da tunanin matafiyi guda mai jaka ɗaya da katin banki da waya a hannu. Aikin Hajji kuwa tafiyar ayari ce.

Me ke hana alhajin jiha shiga?

'Yan Najeriya na shiga jirgin, ba a ce ba sa shiga ba. Masu zuwa Umara, musamman a watan azumi, da 'yan jirgin yawo da kamfanoninsu suka saka musu tikitin a cikin kuɗin kujera, sun saba da shi. Wanda ba ya ganinsa shi ne manomin da ya sayar da shanu ko tsohuwar da 'ya'yanta suka yi mata karo-karo, waɗanda aka sauke a Madina, suka yi 'yan kwanaki suna ziyara, sannan aka jera musu motoci a ƙofar masauki zuwa Makka.

Abu na farko da zai zo wa mutum a rai shi ne tsada. Amma bari mu auna. A 2025 kuɗin kujerar Hajji a Najeriya ya haura Naira miliyan 8. A shekarar, Riyal ɗaya ya kai kusan Naira 400. Ko da tikitin gama-gari ya kai Riyal 200, Naira 80,000 ke nan, wato kusan kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin kujerar. Kuɗi ne, ba a raina shi ba, musamman ganin yadda maniyyata suka kasa cika kuɗinsu har Najeriya ba ta iya cinye kujeru 95,000 da aka ware mata a 2025 ba. Sai dai kuma kuɗin motar da ake shiga yanzu shi ma yana cikin abin da alhaji ya biya. Bambancin ne kawai abin tattaunawa.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsari.

Bas na zuwa ƙofar masaukinka a Madina ta sauke ka a ƙofar masaukinka a Makka. Jirgin ƙasa ba ya yin haka. Tashar Madina tana gabashin birnin, da 'yar tazara daga Masallacin Annabi (SAW), ta Makka kuma tana unguwar Rusaifa, 'yan kilomitoci daga Harami. Ke nan sai an nemi mota a nan, an nemi wata a can. Ga jami'in da ke kula da mutum 400, rabinsu dattawa, wasu ba su taɓa hawa matattakalar lantarki ba, loda su sau ɗaya ya fi masa sauƙi a kan loda su sau uku. Jirgi kuma ba ya jira. In Baba ya shiga bayan gida ya daɗe, direban bas zai yi ta danna oda amma zai tsaya, jirgi kuwa ya tafi.

Sai maganar kaya. Ƙa'idar jirgin ita ce jaka ɗaya da ba ta wuce kilo 25 ba, mai iyakantaccen girma, da ƙaramar jakar hannu. Babbar jakar da aka saba ba alhajin Najeriya a shekarun baya ta kilo 32 ce. Wanda ya fara sauka a Madina kayansa ba su cika nauyi ba tukuna, in ban da garin kunu da yaji da kukar da aka ƙunso daga gida. Amma wanda sai bayan Arfa zai je ziyara, da tsarabarsa niƙi-niƙi, ba zai wuce ma'auni ba. Wannan ba matsala ce da ta gagari magani ba, domin kaya na iya bin babbar mota su tarar da masu su a masauki. Sai dai wani ne zai tsara hakan, ya kuma ɗauki alhakin jakar da ta ɓata.

Akwai kuma sabo da maslaha. Jigilar alhazai a mota tsohuwar harka ce a Saudiyya, tana da kamfanoninta da ƙungiyar da ke raba musu aiki, kuma kuɗinta na cikin yarjejeniyar da ƙasashe ke sa wa hannu kowace shekara. Abin da ya daɗe yana tafiya, ko da ɗingishi ne, ba kowane jami'i ke son taɓa shi ba, don in sabon tsari ya sami tangarɗa sunansa za a kira.

A yi adalci: motocin da suka yi haɗari a 2019 da 2025 ba na jigilar Hajji ta hukuma ba ne, kuma motocin da ake ba alhazai a lokacin aikin Hajji ana sa musu ido fiye da na sauran lokuta. Amma titi titi ne. Direba ɗan'adam ne da ke gajiya, tankoki na bin hanyar dare da rana, kuma sa'a shida ko fiye a zaune ba ƙaramin abu ba ne ga mai ciwon suga ko hawan jini da ke shirin shiga ɗawafi da sa'ayi da zarar ya sauka.

Jirgin ba ya tsayawa a miƙati

Akwai wani batu da ba na injiniyoyi ba ne, na malamai ne. Wanda ya taso daga Madina zuwa Makka, miƙatinsa Zul Hulaifa ne, wurin da aka fi sani da Abyar Ali, a bayan garin Madina kaɗan. Motocin alhazai na tsayawa a can, a yi wanka ko alwala, a ɗaura harami, a yi nafila, a ɗauki niyya, sannan a kama hanya ana talbiyya. Ga mutane da yawa wannan tsayawar na cikin abubuwan da ba sa mantawa a tafiyar.

Jirgin ƙasa ba shi da tasha a wurin. Mai shigarsa ko dai ya fara zuwa masallacin miƙatin a mota kafin ya nufi tasha, ko ya shirya tun daga masauki, ya ɗauki niyya idan jirgin ya zo daidai da wurin, jim kaɗan bayan tashi. Jirgin da in ya miƙe yake cin kilomita biyar a minti ɗaya ba ya ba mutum damar laluben jaka yana neman ƙyalle.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga alhazanmu. Waɗanda jirgin samansu ke sauka a Jidda kai tsaye haka suke yi, a sararin sama suke ɗaukar niyya. Abin da ake buƙata shi ne a shigar da shi cikin bitar maniyyata tun daga ƙaramar hukuma, kuma malaman da ke rakiyar ayari su yi magana da murya ɗaya. In ba haka ba, za a samu wanda zai isa Makka yana kokwanton ko haraminsa ya inganta, kuma wannan damuwa ta fi masa gajiyar mota nauyi.

Saudiyya na neman fasinja

Abin da zai iya sauya lissafin shi ne buƙatar Saudiyya kanta. An tsara layin ne don ya iya ɗaukar mutum miliyan 60 a shekara, kuma har yanzu bai kusanci wannan adadi ba. Ƙasar da ta zuba Riyal biliyan 60 a kan dogo ba za ta so ta ga kujeru a wofi ba, balle tana da burin karɓar masu Umara miliyan 30 a shekara nan da 2030. Titi kaɗai ba zai ɗauki wannan jama'a ba.

Ana ganin alamun hakan. A lokacin Hajjin 2024 hukumar jiragen ƙasa ta Saudiyya ta sanar da tanadin kujeru sama da miliyan 1.6, a 2025 kuma ta ce ta ƙara zuwa kusan miliyan 2, a sawu sama da 4,700. A lokutan cunkoso akan haɗa jirgi biyu su zama ɗaya. An kuma ƙara matuƙa, har da mata: lokacin da kamfanin Renfe na Sifaniya ya tallata guraben mata 30 a 2022, mata 28,000 ne suka nema, a ƙasar da sai a 2018 aka yarje wa mata tuƙa mota.

Idan aka haɗa jirgi biyu, kujerun gama-gari sun zama 608. Jirgin sama ɗaya daga Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ya kan kwaso maniyyata 400 zuwa 500. Wato sawun jirgin sama ɗaya zai shige cikin sawun jirgin ƙasa ɗaya, har a bar wa masu kuɗi taragunsu ba a taɓa ba. A ce Najeriya na da alhazai 50,000 da za a kai Makka daga Madina, sawu 83 ya ishe su, daga cikin sama da 4,700.

Tabbas ba Najeriya kaɗai ke layi ba. Indonesiya da Pakistan da Indiya da Bangladesh kowacce ta fi ta yawan mahajjata, kuma sama da mutum miliyan 1.6 ne suka yi Hajjin 2025. Kujerun makon ƙarshe kafin Arfa ba za su ishi kowa ba, wanda ya riga nema shi zai samu. Amma jigilar maniyyatan Najeriya makonni take ɗauka, kuma waɗanda suka fara sauka suna barin Madina tun garin bai cika ba.

Ba sai an kwashe kowa a shekara ɗaya ba. Hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ko wata jiha guda, na iya gwadawa da sawu biyu ko uku, a fara da dattawa da marasa lafiya, a tura kayansu a mota, a lissafa abin da aka kashe da abin da aka sha wahala a kai, a bayyana wa jama'a. Ko kuma a ba maniyyaci zaɓi tun lokacin biyan kuɗi, a faɗa masa ƙarin da zai yi in yana son jirgin ƙasa.

Irin wannan shawara ba a Madina ake yanke ta ba ranar da motoci suka jeru a ƙofar otal. Watanni kafin Hajji ake kammala kwangilolin masauki da abinci da sufuri da kamfanonin Saudiyya, kuma daga cikinsu ake fitar da kuɗin kujerar da ake sanar wa maniyyata. In tikitin jirgin bai shiga wannan takarda ba, to wannan shekarar ma bas ce.